Madalen: Ɗan Gaton Faransa Da Za A Iya Gasawa A Gida A Kai Kasuwa

Duk wanda ke shiga kantunan kayan masarufi a Maraɗi, Damagaram, Birnin Ƙonni ko Gaya, da wuya a ce idonsa bai taɓa faɗawa kan wani ɗan ƙaramin gato ba mai launin zuma, wanda bayansa ke da zane-zane kamar makankari, gabansa kuma ya yi ɗan tozo. Sunansa madalen kamar yadda Faransawa ke kiransa. Wani a cikin leda ake shigo da shi daga ƙasashen waje, wani kuma gidajen burodin manyan birane ne ke gasa shi. Yara na sonsa, manya kuma kan haɗa shi da shayi da safe ko da la'asar.

Abin da ya sa muka ɗauko zancensa a wannan shafi shi ne halin da kasuwannin kan iyaka suka shiga a ƴan shekarun nan. Mai karatu bai manta ba, a watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗewa ba sai a watan Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar kuma aka sake rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take turowa, kayan da ke fitowa daga tashar jirgin ruwan Kwatano suka tsaya, kuma iyakar Nijar da Najeriya ba ta sake buɗewa ba sai a watan Maris na 2024. Duk ɗan kasuwar da jarinsa ke cikin kayan gwangwani da na leda ya ji a jikinsa. Wannan ne ya sa tambayar take da muhimmanci: cikin kayan da muke jira a kawo mana daga nesa, wane ne za mu iya yi da hannunmu? Madalen na cikinsu, domin kayan haɗinsa huɗu ne manya, wato ƙwai, sukari, fulawa da bota, kuma babu kasuwar da ba a samunsu.

Daga ina ya fito?

Garin da ya yi suna da wannan gato shi ne Commercy, wani ƙaramin gari a yankin Lorraine da ke gabashin Faransa. Labarin da mutanen garin ke bayarwa, wanda tatsuniya ta gauraya da tarihi a cikinsa, shi ne cewa a wajajen shekarar 1755 wani basarake mai suna Stanislas, wanda ya taɓa sarautar ƙasar Folan kafin ya zama mai mulkin Lorraine, ya shirya walima a fadarsa ta Commercy. Ana tsakiyar hidima sai mai yin kayan zaƙi ya yi fushi ya tafi, sai wata yarinya ƴar aiki mai suna Madeleine ta gasa irin gaton da ta koya a wurin kakarta. Baƙi suka yaba, basarake ya sa wa gaton sunanta. An ce ƴarsa, wadda ita ce matar Sarkin Faransa Louis na 15, ita ce ta kai shi fadar mijinta.

To amma abin da ya fi shafar ɗan kasuwa ba labarin fada ba ne, labarin tasha ne. A shekarar 1852 aka kammala hanyar jirgin ƙasa daga Paris zuwa Strasbourg, kuma ta ratsa ta Commercy. A shekarar 1874 hukuma ta ba da izinin sayar da madalen a bakin dandalin tashar, inda mata ke jiran jirgi ya tsaya su ruga da kwalaye a hannu, kowace na kiran sunan gidan da ya gasa nata. Fasinja ya saya ya kai tsaraba Paris, wani ya kai Strasbourg, a haka sunan garin ya bazu, kuma wannan talla ta ci gaba har zuwa yaƙin duniya na biyu. Idan aka duba da kyau, babu wani bambanci tsakanin waɗannan mata da namu masu tallar ƙuli-ƙuli, dabino da alkaki a tashar mota.

A shekarar 1913 kuma wani marubuci mai suna Marcel Proust ya fitar da kashi na farko na babban littafinsa, inda mai ba da labari ya jiƙa madalen a cikin shayi, ɗanɗanon ya tuno masa da ƙuruciyarsa gaba ɗaya. Har yau idan Bafaranshe ya ji ƙanshi ko ɗanɗanon da ya tuna masa da gida, sai ya ce wannan shi ne madalen ɗinsa. Har ila yau, a shekarar 2014 ma'aikatan masana'antar madalen ta Jeannette da ke birnin Caen sun tare a cikin masana'antar kusan shekara guda bayan ta karye, don hana a yi gwanjon injinanta, kuma a 2015 aka ci gaba da aiki da gudummawar jama'a. Wannan ya nuna irin matsayin da ɗan gaton nan ke da shi a wurin masu shi.

Kayan haɗi da awonsu

Ga awon da zai ba da madalen kamar 24, wato cikin faranti biyu masu gurbi goma sha biyu-biyu. Ƙwai 3. Sukari giram 130. Fulawa giram 150. Bota giram 125, wato rabin ƙunshi mai giram 250. Bakin hoda ƙaramin cokali ɗaya. Zuma babban cokali ɗaya. Gishiri ɗan kaɗan. Sai ɓawon lemun tsami ɗaya da aka kankare, koren kawai, ban da farin da ke ƙasa domin yana da ɗaci.

Wadda ba ta da sikeli tana iya aunawa da ƙaramin gwangwanin madarar ruwa: sukari gwangwani ɗaya, fulawa gwangwani ɗaya da rabi a ɗan ɗora. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to sai dai a sha'anin gato ido kan yi ƙarya, don haka mai niyyar sana'a gara ta nemi ƙaramin sikeli tun da farko, domin kayanta su fito iri ɗaya kullum.

A nan akwai wurin da ake yawan ruɗewa. A Faransanci kalma ɗaya ce, levure, ake kiran yis ɗin burodi da kuma bakin hoda da ita. Wanda ake buƙata a madalen shi ne wanda aka rubuta levure chimique a jikinsa. Ƙaramar takardar nan ruwan hoda ta kamfanin Alsa, wanda shi ma asalinsa daga Lorraine ne, giram 11 ce a cikinta, rabinta ya isa wannan awo. Wadda ta zuba yis ɗin fanke, abin da za ta samu daban ne.

Game da mai kuwa, bota ita ce asali, ita ke ba da ƙanshin. Ana iya amfani da bota irin ta kek da ake sayarwa a kasuwa, sai dai ƙanshin ba zai kai ba. Man shanu soyayye yana yi, kuma ƙanshinsa na shiga ran mutanenmu, amma da yake shi kusan zallar mai ne babu ruwa a cikinsa, sai a rage shi zuwa giram 100 a ƙara madara babban cokali biyu. Da damina, lokacin da ƙwan zabi ke yawa, ana iya sa guda huɗu a madadin ƙwan kaji uku, tunda ya fi ƙanƙanta. Kowane ƙwai dai a fasa shi a wani kofi daban kafin a zuba, don kada bara-gurbi ɗaya ya ɓata kwaɓi duka. Wasu littattafan girkin Turawa kan ce a zuba ɗan giya don ƙanshi. Wannan ba ya cikin sharaɗi ko kaɗan, ɓawon lemun tsami ko ƴar takardar sukarin banila sun wadatar.

Yadda ake kwaɓawa

Da farko a narkar da bota a wuta marar ƙarfi, a sauke a bar ta ta huce har ta koma ɗumi-ɗumi, domin idan aka zuba ta da zafi za ta dafa ƙwan. A fasa ƙwai a roba mai tsabta, a zuba sukari da gishiri, a buga da maburgi ko abin bugun ƙwai kamar minti biyar, har sai haɗin ya yi haske ya yi kumfa, ya kusa ninka yawansa. Wannan bugu shi ke shigar da iska, don haka kada a yi masa gaggawa.

Daga nan a tankaɗe fulawa tare da bakin hoda, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana juyawa a hankali daga ƙasa zuwa sama. A nan ba a son bugu. Fulawar alkama idan ta sha juyi da yawa tana yin danƙo, danƙon da ake so a burodi amma ke sa gato ya yi tauri. Da zarar garin ya ɓace a cikin kwaɓin, a zuba botar da zuma da ɓawon lemun tsami, a juya har su haɗe, sai a rufe.

Sirrin tozo

Abin da Faransawa ke gane madalen na ƙwarai da shi shi ne tozon nan na tsakiya, kuma sirrinsa shi ne haɗuwar sanyi da zafi. Ana sa kwaɓin a firji ya yi aƙalla awa biyu, idan ya kwana ma ya fi. Sa'ad da kwaɓi mai sanyi ya shiga wuta mai zafi sosai, gefe-gefen da ba su da kauri su ke fara gasuwa su daskare, tsakiya kuma tana nan da sauran sanyi. Tururi da iskar bakin hoda ba su da hanyar fita sai ta tsakiyar, sai su tura ta sama.

A shafa wa gurabun faranti bota sosai, a barbaɗa fulawa a kakkaɓe. A zuba kwaɓi babban cokali ɗaya a kowane gurbi, ya cika kashi uku cikin huɗu, kuma kada a baje shi, zafi zai baje shi da kansa. Mai obin na gas ko na lantarki ya kunna shi tun da wuri ya kai digiri 220, ya sa farantin minti huɗu zuwa biyar, sannan ya rage wuta zuwa digiri 180 na wasu minti biyar zuwa shida. Kada a buɗe ƙofa a mintunan farko. Idan gefe ya yi ja, kuma aka soka tsinke ya fito a bushe, ya gasu. A juye shi nan take ya sha iska.

Idan babu firji ko obin fa?

Wannan ita ce tambayar mafi yawan masu karatunmu, domin a garuruwan kan iyaka wuta ba abin dogaro ba ce. Wadda ke da kula irin ta masu sayar da ruwan sanyi, sai ta rufe robar kwaɓin da kyau ta sa ta a kan ƙanƙara, aikin firji za ta yi. Idan ƙanƙarar ma babu, to a gasa cikin rabin awa. Tozon ba zai tashi sosai ba amma daɗin yana nan. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a bar kwaɓi mai ɗanyen ƙwai a ɗaki da zafin bazara na tsawon awoyi, ko a ce za a kwanar da shi a gindin randa. Yin haka na iya jawo ciwon ciki ga masu ci, ya kuma zubar da sunan mai sana'a a rana ɗaya.

Ita kuwa gashin, hanyar da matanmu suka saba gasa kek da ita tana aiki. A zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, a ɗora a kan gawayi a rufe, ta yi zafi kamar minti ashirin. A jera ƙananan gwangwanaye uku ko duwatsu a kan yashin, a ɗora farantin a kansu don kada ya taɓa yashin, a rufe, a zuba garwashi a kan murfi. Wutar sama tana da muhimmanci, idan babu ita ƙasa zai ƙone sama kuma ya fito fari. Kuskuren da aka fi yi shi ne sa faranti tun tukunya ba ta yi zafi ba. A fara gwadawa da guda biyu ko uku, daga nan za a gane hannun wutar.

Shi farantin mai siffar makankari ana samunsa a wurin masu sayar da kayan kek a manyan birane. Maƙeran da ke zuba tukwanen alminiyom, irin na kasuwar Katako a Yamai, suna iya zuba irinsa idan aka kai musu samfuri, sai dai a jaddada musu su yi da alminiyom mai tsabta, kada a gauraya da tarkacen da ke da dalma, domin dalma guba ce. Kafin a samu, ƙananan gwangwanayen kek ma sun isa a koyi hannu, amma a sani siffar nan ita ce tallarsa, ita ke bambanta shi da sauran kek ɗin da ke kan tire.

Lissafin ɗan kasuwa

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi damun mai jari. Kiret ɗaya na ƙwai, wato guda 30, zai yi kwaɓi goma, ya ba da madalen kamar 240. Wannan zai ci fulawa kilo ɗaya da rabi, sukari kilo 1 da giram 300, bota ƙunshi biyar masu giram 250, da takardar bakin hoda biyar. Buhun fulawa mai kilo 50 kuwa zai iya ba da madalen wajen 8,000, amma sai ya haɗiye ƙwai kusan 1,000 da bota fiye da kilo 40. Ashe ke nan ba fulawa ce ke cin kuɗi a wannan sana'a ba, ƙwai ne da bota. Wanda ya samu mai gidan kaji da zai riƙa ba shi ƙwai a farashin sari, ya riga ya ci rabin riba.

A misali, idan aka sayar da kowane ɗaya dala goma, guda 240 za su kawo jika 12. Idan dala ashirin ne, jika 24. Daga nan sai a cire kuɗin kayan haɗi bisa farashin ranar, da gawayi, da ƙanƙara, da leda, da ladan mai talla, da kuɗin mota, a kuma ware wani abu saboda wanda zai ƙone ko ya karye. Abin da ya rage shi ne riba. Idan lissafi bai fita ba, gara a rage girman gurbi da a rage ƙwai, domin mai saye yana yafe ƙanƙanta amma ba ya yafe rashin daɗi.

A kuma lissafa lokaci. Da faranti ɗaya mai gurbi 12, guda 240 na nufin a gasa sau 20, kuma idan kowane zagaye ya ci minti 20 har da hucewa da shafa mai, aikin zai kai kusan awa bakwai. Faranti na biyu da tukunya ta biyu su ne jarin farko da ya kamata a ƙara.

Sai batun canji. Sefa tana ɗaure da kuɗin yuro, ita kuwa naira tun da aka sake ta ga kasuwa a watan Yunin 2023 darajarta ta yi ƙasa sosai. Wanda ke sayen fulawa da sukari da naira yana sayar da madalen da sefa, ko akasin haka, lallai ne ya mayar da lissafinsa duka zuwa kuɗi ɗaya a kowane mako, in ba haka ba zai ga ciniki na tafiya amma uwar kuɗi na narkewa.

Ajiya da kai wa kasuwa

A nan ne na gida da na kamfani suka rabu. Na leda da ake shigowa da shi yana yin watanni saboda ana zuba masa sinadaran da ke riƙe laushi, a kuma liƙe shi da inji. Na gida ya fi daɗi a ranar da aka gasa shi, kuma a cikin mazubi mai murfi ba ya wuce kwana uku zuwa huɗu. Zumar da aka sa tana taimaka masa ya riƙe laushi. Da hunturu iska ke busar da shi, don haka a rufe shi da zarar ya huce. Da damina kuma fumfuna ce abokiyar gaba. A kowane lokaci dai kada a ƙulla shi a leda da zafinsa, domin zufar da zai yi a ciki ita ke lalata shi.

Saboda haka dabara ita ce a daidaita gashi da ranar kasuwa. Mai kai kaya Ƙonni ranar Laraba, ko Maigatari ranar Alhamis, ko Illela ranar Lahadi, ya kwaɓa da yammacin jajibiri, ya gasa da asuba. Abokan cinikin farko su ne masu shayi, domin madalen abokin shayi ne tun asali, sai tashoshin mota, bakin makarantu, da masu biki ko suna da ke neman abin sa wa baƙi a faranti. A fara da kaɗan, kwaɓi biyu ko uku, a ga yadda kasuwa za ta karɓa.

Wanda kuma ke da burin ƙulla shi a leda mai suna ya tsallaka da shi cikin Najeriya da yawa, ya sani cewa abincin da aka ƙulla don sayarwa a can yana ƙarƙashin dokar hukumar NAFDAC, kuma sai da rajista. Ko a gida ma, rubuta ranar da aka gasa a jikin leda abu ne da ke jawo amincewar mai saye.

Ƴan'uwa ƴan kasuwa, musamman iyayenmu mata masu sana'a a cikin gida, wannan gato bai fi ƙarfin kowa ba. Matan Commercy da kwali a hannu suka fitar da shi duniya, a bakin tasha, fasinja ɗaya bayan ɗaya. Tashoshi muna da su, masu shayi muna da su, ƙwai da man shanu kuma a ƙofar gida suke. Abin da ya rage shi ne a gwada da ƙwai uku, a riƙe awo, a riƙe tsabta, a riƙe lissafi. Allah Ya sa albarka a cikin nema, Ya ba mu zaman lafiya a iyakokinmu, amin.